Manhajar lissafi ta ƙi daidaita da shagona: kwas zai yi magani?

"Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a kan sari a Kasuwar Sabon Gari, Zariya, ina da yara uku a shago da sito ɗaya. Wata bakwai ke nan da aka saka mini manhajar lissafi a kwamfuta, amma ban ga komai ba sai ciwon kai. Za ta ce ina da katan 40 na taliya, in shiga sito in tarar da 12. Wani kayan ma sai ta nuna ya yi ƙasa da sifiri. Mutanen da suka biya ni tuntuni, har yanzu tana cewa ina bin su. Ƙarshen wata ta ce na ci riba mai kauri, ni kuwa kuɗin sari ma da ƙyar nake haɗawa. Yanzu wanda ya saka mini ita ya ce in biya a yi wa yarana kwas na kwana uku. Shin kwas ɗin zai gyara, ko in canza wata manhajar, ko kawai in koma littafina?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. In na fahimce ka, so kake ka san inda laifin yake kafin ka sake zuba kuɗi: a na'urar ne, a hannun yara ne, ko tun farko shigo da ita ne kuskure. Kwas yana taimakawa, amma irin wanda aka yi maka tayinsa, a halin da fayil ɗinka yake yanzu, kuɗinka zai ci kawai. Daga cikin abubuwan da ka lissafa, bashin da ya ƙi gogewa ne kaɗai ake gyarawa da nuna wa yaro inda zai danna. Sauran sun samo asali ne daga yadda aka kafa manhajar ranar farko, da kuma yadda kuɗi da kaya ke shiga da fita a shagon. Ban ga fayil ɗinka ba, don haka ba zan ce ga takamaiman layin da aka ɓata ba, amma alamun da ka faɗa sanannu ne, kuma kowace tana da 'yan dalilai ƙalilan da ake fara dubawa.

Sai an fara fahimtar bambancin littafin shago da manhaja. A littafi, yaro zai rubuta "Malam wane, katan 5, bai biya ba", shi ke nan. Manhajojin da aka fi gani a wajenmu, QuickBooks da Sage 50, wadda tsofaffin akawu har yau ke kira Peachtree, da Tally da Zoho Books, duk an gina su ne a kan ƙa'idar cewa kowace shigarwa tana da fuska biyu: inda abu ya fito da inda ya tafi. Idan yaro ya buga cewa an ba da katan 5 bashi, a take abu huɗu ke motsawa. Ciniki ya ƙaru, bashin da ke kan kwastoma ya ƙaru, kayan sito sun ragu da biyar, sannan kuɗin da ka sayo waɗannan biyar ɗin ya tashi daga jari ya koma abin da za a cire kafin a fitar da riba. Shi ya sa kuskure ɗaya yake ɓullowa a wuri huɗu, mai shago ya ga kamar komai ne ya lalace.

Sannan waɗanda suka ƙera su sun ɗauka kaya suna zuwa tare da takardarsu rana ɗaya, farashi a rubuce yake, kuɗi kuma asusu ɗaya suke shiga. A kasuwarmu kaya za su taso daga Singa a Kano su iso da magariba, a fara sayar da su da safe, takarda ta biyo baya sai bayan kwana uku. Kwastoma zai ba da rabi a hannu, rabi ya tura, wani lokacin ma asusun yaro zai tura saboda na shago ya ƙi shiga. Manhaja tana iya ɗaukar duk wannan, amma sai an tsara mata hanyar kowanne tun farko.

Kayan sito da ba sa daidaita

Abu na farko da zan tambaya: ranar da aka saka manhajar, an rufe sito an ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, ko daga ka aka faɗi adadi? Mafi yawan masu sakawa suna zaunar da maigida ne su ce "taliya kamar nawa ta rage?", ya ce kamar hamsin, su buga hamsin. In ainihin abin da ke ƙasa 31 ne, wannan giɓin na 19 zai bi ka har abada, ko da yaranka ba su ƙara yin kuskure ko ɗaya ba.

Na biyu shi ne ma'auni. Kana sayo sabulu a katan, kana sayarwa a katan da rabin katan da dozin. In an yi wa kayan rajista da katan kawai, yaro ya sayar da dozin biyu ya buga 2, manhaja ta cire katan biyu. In kuma da ɗai-ɗai aka yi rajistar, ya sayar da katan guda ya buga 1, ta cire sabulu ɗaya tak, sauran 47 suna nan a lissafi alhali sun bar sito. Maganinsa a zaɓi mafi ƙanƙantar ma'aunin da kake sayarwa da shi, a gaya wa manhajar guda nawa ne a cikin kowane katan. Wasu nau'o'in suna da wurin yin haka, wasu ƙananan ba su da shi, sai a yi dabara a rajistar kayan. Kayan awo sun fi wuya, domin buhun shinkafa mai kilo 50 ba kullum yake ba da mudu iri ɗaya ba, ya danganta da hannun mai awo da irin tozon da yake yi. Irin wannan sai a tsayar da adadi ɗaya a yi aiki da shi, ƙarshen wata a daidaita ɗan bambancin.

Na uku, suna biyu ga abu ɗaya. Wannan yaron ya buɗe "Taliya babba", wancan bai gan ta ba ya buɗe "Babbar taliya". Kaya suna shiga ta suna ɗaya suna fita ta ɗayan. Na farko ya yi ta kumbura har katan 40, na biyu ya yi ta nutsewa ƙasa da sifiri. Da ka ce kana ganin alamun biyu a tare, nan na fi zargi. Ka sa a fitar maka da jerin dukkan kaya bisa haruffa, ka karanta da kanka, cikin minti goma za ka gani.

Ƙasa da sifiri kuma yana zuwa idan aka sayar da kaya kafin a shigar da sayensu. Wannan ya wuce munin gani a allo, yana ɓata riba. Manhaja ba ta san nawa ka sayo sabon kayan ba, sai ta yi amfani da tsohon farashi, in kuma sabon kaya ne da bai taɓa shiga ba, tana iya ɗaukarsa kamar kyauta ka samu. A ce tsohon sari 10,000 ne katan, sabo 14,000, aka sayar da katan 30 kafin a shigar da takarda: ribar ranar ta haura gaskiya da naira 120,000. In an shigar da takardar daga baya wasu manhajojin suna gyarawa, amma gyaran yana iya faɗawa wani watan, sai wannan wata ya yi daɗi na gaba ya yi ɗaci ba dalili. Doka ɗaya ce ke hana wannan: kada kaya su shiga sito sai an shigar da su a ranar, ko da takarda ba ta iso ba. A shigar da adadi da farashin da aka yi magana a waya, in takarda ta zo a gyara.

Akwai kuma kayan da ke fita ba ta hanyar ciniki ba, waɗanda littafi bai taɓa damuwa da su ba. Katan ɗin da ruwa ya taɓa, wanda ɓera ya huda, wanda wa'adinsa ya ƙare, gyaran da ake ƙara wa babban kwastoma, katan ɗin madarar da aka aika gida da azumi, da wanda maƙwabcin shago ya ɗauka ya ce zai kawo kuɗi da yamma. Sai kishiyarsu: kayan da aka biya aka bari ajiya a sitonka, waɗanda manhaja ta riga ta cire amma in an ƙirga za a gan su. Waɗannan sai a ware musu gefe guda a sito da takarda a jikinsu. Sai an toshe duk waɗannan ƙofofin ne za a iya cewa giɓin da ya rage hannu ne ya ɗauka. Kafin nan zargin yaro zalunci ne, kuma wanda yake ɗauka da gaske ya samu inuwar fakewa.

Bashin da aka biya amma bai goge ba

Wannan shi ne mai sauƙin. Manhaja tana da ƙofa biyu masu kama da juna: ta cinikin da aka biya nan take, da ta karɓar biyan bashin da aka riga aka rubuta. Kwastoma ya ɗauki kayan 200,000 bashi, an buga. Bayan sati ya turo kuɗin, yaro ya ga alat, ya buɗe ƙofar farko ya buga sabon ciniki na 200,000. Yanzu lissafi yana cewa ka yi cinikin 400,000, kuma mutumin yana nan da bashinsa. In yaron ya zaɓi kaya a wannan shigarwa ta biyu, sito ma an cire masa sau biyu. Ka ga kuskure ɗaya ya taɓa uku daga cikin koke-kokenka.

Wani lokacin an bi ƙofar da ta dace, amma ba a haɗa biyan da takardar bashin da ya shafa ba, ko kuma kwastoma ɗaya yana da suna biyu, na gaskiya da laƙabin kasuwa. Sai ka ga ana bin "Alhaji na Giwa" 300,000, can ƙasa kuma wani suna yana bin ka 300,000, alhali mutum ɗaya ne. Kafin alƙalami ma haka: kuɗin da aka ba ka kafin kaya su fita ba ciniki ba ne tukuna, amana ce a hannunka, a asusun kwastoman ya kamata ya zauna har ranar da ya ɗauki kaya.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yawancin ciniki ya koma tiransifa da POS, kuma nan wata ƙurar take. Abin da kwastoma ya biya ba shi ke sauka a asusu cif-cif ba, ana cire kuɗin aiki, ga kuma naira 50 ɗin da aka riƙa cire wa mai karɓa a kan kuɗin da suka kai 10,000 har ƙarshen 2025. In ba a buɗe wurin zuba waɗannan ƙananan caje-cajen ba, asusun banki na cikin manhaja ba zai taɓa yin daidai da na gaske ba. Kowane asusu da kuɗin shago ke shiga, na banki ne ko na Moniepoint ko OPay, sai ya samu nasa gurbin daban, aljihun teburin shago ma haka. Kuɗin shago kuma su daina sauka a asusun yaro. In dole ta sa, ya turo su a ranar, a rubuta.

Riba a takarda, aljihu wayam

Ciniki da aka buga sau biyu da farashin sari da bai shiga ba sun riga sun kumbura ribar. Amma ko an gyara su, akwai dalilan da za su sa riba ta gaskiya ta bayyana ba tare da kuɗi a hannu ba, kuma a nan ne nake ganin maigida ya fi yaransa buƙatar karatu.

Manhaja tana ƙirga riba ne ranar da kaya suka fita, ba ranar da aka biya ba. In ka ba da kayan miliyan uku bashi a wata, ribarsu tana cikin rahoto, kuɗin kuwa suna hannun mutane. Sai kuɗin da kai kanka kake ɗauka: cefane, kuɗin makaranta, gudummawar biki, zubin adashi. Waɗannan ba kashewar shago ba ne, don haka ba sa rage riba, amma suna rage kuɗi. In ba a rubuta su ba sam, manhaja za ta ce akwai miliyan biyu a aljihun tebur alhali babu. In an zuba su cikin kashewar shago, sai ta ce kasuwa ba ta riba alhali tana yi. Wurinsu daban ne, asusun abin da maigida ya ɗiba. Da yawa ba sa son yara su ga wannan adadin, kuma da gaskiyarsu. Ana iya rufe asusun yadda kai da akawu kaɗai za ku gani.

Kuɗin mota da dako su ma suna ɓacewa. Misali ka sayo buhun sukari 100, ka biya mota 120,000, lodi da saukewa 30,000, duk daga aljihunka a tasha. Kowane buhu ya hau da 1,500. In kana ganin kana cin 2,500 a buhu, abin da ya rage maka 1,000 ne. Ya kamata a raba wannan kuɗi a kan kayan, ko aƙalla a shigar da shi a matsayin kuɗin ɗauko kaya a ranar.

Sai babbar, wadda ba kuskuren kowa ba ce: tashin farashi. A ce kana da ragowar katan 20 da ka saya 10,000, ka ƙaro 80 a kan 14,000, kana sayarwa 14,500. Manhajar da ke aiki da matsakaicin farashi, kamar QuickBooks Pro da Premier na kan kwamfuta, za ta ce kowane katan ya tsaya maka 13,200, ribarka 1,300. Wadda ke fara cire tsohon kaya, kamar QuickBooks na intanet, za ta ce ka ci 4,500 a kan kowane ɗaya daga ashirin ɗin farko, sannan 500 a sauran. Sage 50 tana barin a zaɓi hanyar da ake so. Duka lissafin daidai ne a ƙa'ida. Amma in ka koma Kano ka tarar katan ya zama 15,000, kuɗin da ka sayar da ɗari ba za su sayo maka ɗari ba. Wanda ya yi kasuwa a 2023 da 2024 ya san wannan a jikinsa. Manhaja baya take kallo, farashin jiya take gaya maka. Wurin sa farashin sayarwa, sarin gobe za ka duba, ita kuma ka bar ta ta riƙe maka adadi da bashi.

Wane irin kwas, kuma ga wa

Kwas ɗin kwana uku da aka saba yi, a tara mutum goma sha a ɗaki, a buɗe kamfanin gwaji mai kayan da ba a sayarwa a Sabon Gari, a bi jerin maɓallai daga sama har ƙasa, a ba da satifiket. Yaro zai dawo ya san yadda ake buɗe sabon kwastoma, amma bai san abin da zai yi ba in mutum ya biya rabi a hannu, ya tura rabi, ya mayar da katan biyu, ya ce a bar masa sauran ajiya. Kuma zai dawo ne kan fayil ɗin da adadinsa na farko ƙarya ne. Injin niƙa ne, in dawa ka zuba ba zai ba ka garin alkama ba, ko wa ka tsayar a bakinsa.

Don haka gyara ne farko, horo daga baya. Da wata bakwai na shigarwa a cakuɗe, buɗe sabon fayil ya fi arha a kan bin tsohon layi-layi. A ajiye tsohon don dubawa. A zaɓi ƙarshen wata, a rufe sito yini guda a ranar da kasuwa ba ta cika ci ba, mutum biyu su ƙirga, ɗaya na ƙirgawa ɗaya na rubutawa, kuma kada mai riƙe da makullin sito ya zama shi ne mai rubutu. A rubuta farashin sarin kowane kaya. A fitar da sunan duk wanda kake bi, a kira shi a waya a tabbatar da adadin, domin a nan ne za ka ji "ai na ba yaronka tun kafin salla". A rubuta waɗanda suke bin ka, da abin da ke kowane asusu da aljihun tebur a daren. Da waɗannan ake buɗe sabon fayil. Wanda zai yi wannan aiki sai ya san akanta, sanin kwamfuta kaɗai bai isa ba. Zariya ba ta rasa su ba, ga waɗanda suka karanta akanta a harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Kongo da kwalejin Nuhu Bamalli, ga masu takardar ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akawu, in kana son wanda zai sa hannu a lissafin shekara.

Kafin ka biya kowa, yi masa tambaya uku. In na ɗauki 50,000 na cefane, ina za a sa? In kwastoma ya ba da kafin alƙalami, ina za a sa? Kuɗin motar da ta kawo kaya fa? In duk ya ce a jefa su cikin "sauran kashe-kashe", ko ya ce wannan ba matsala ba ce, mai saka manhaja ne, ba mai koyar da lissafi ba.

Horon kansa a shago za a yi shi, da rasit ɗin jiya na gaske. Yara ba sa buƙatar sanin manhajar duka. Abu shida ne aikinsu: cinikin hannu, cinikin bashi, karɓar biyan bashi, shigar da kaya, mayar da kaya, da rufe lissafin yini. Awa biyu kullum na sati ɗaya, da safe kafin kasuwa ta buɗe sosai, ya fi kwana uku a jere, domin abin da ya rikita yaro yau zai kawo shi gobe. Rufe yini shi ne ginshiƙi: kafin a ja ƙofa, a ƙirga kuɗin hannu, a duba alat ɗin kowane asusu, a gwada da abin da manhaja ta ce. Bambancin da aka gano a ranar ana tuna dalilinsa. Na wata uku ba mai tunawa.

Kai kuma, Alhaji, kada ka tura yara ka zauna. Ba sai ka iya bugawa ba, amma sai ka iya buɗe rahoto huɗu da hannunka: riba da asara, jerin masu bashi da daɗewar kowane bashi, wato wanda ya wuce kwana 30 da 60 da 90, adadin kayan sito, da rahoton da ke nuna wanda ya goge ko ya canza wata shigarwa da lokacin da ya yi. Na ƙarshen ba ya aiki sai kowane yaro yana da sunansa da lambar sirrinsa. In duk da lambar maigida suke shiga, kamar yadda ake yi a yawancin shaguna, kowa na iya goge ciniki ya sa kuɗin a aljihu ba a san ko wane ne ba. A hana yara ikon gogewa da canza farashin sari, a kuma kulle kowane wata da lambar sirri bayan an gama daidaita shi.

Sau ɗaya a wata, akawu ya zo ya gwada takardar bayanin banki da abin da ke manhaja layi-layi. Shago irin naka ba ya buƙatar akawun dindindin, yini ɗaya ko biyu a wata ya isa. Kuɗin mai horarwa kuma kada a biya duka a farko. A riƙe wani kaso sai an rufe watan farko, banki ya daidaita, an ɗauki kaya goma da ka an ƙirga sun yi daidai. Ka sa ya rubuta matakan nan shida da Hausa a takarda ɗaya a manna kusa da kwamfuta, domin yaron da aka horar gobe zai samu gurbin karatu a jami'a a Samaru ko ya buɗe nasa shagon, ya tafi da abin da ya koya.

Canza manhaja, ko komawa littafi

Canzawa ba zai gyara ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke sama ba, sabuwar ma haka za ta yi. Dalilan canzawa na gaske kaɗan ne. Ɗaya, in wadda kake da ita ba ta iya katan da dozin ba, ko ba ta ba kowane yaro lambarsa. Biyu, in kwafin sata ce. Ka tambayi wanda ya saka maka lasisi da sunan wa yake. Yawancin QuickBooks na kan kwamfuta da ake sakawa a kuɗi kaɗan tsofaffi ne da aka fasa, kuma tun ƙarshen Satumba 2024 kamfanin Intuit, mai QuickBooks, ya daina sayar da Pro da Premier ga sababbin masu saye a Amurka, ya karkata ga na intanet. Kwafin da aka fasa ba ya samun gyara, in fayil ya lalace ba wanda za ka kira.

Na intanet kuma da nasu. Ana biya duk wata ko duk shekara, wasu da dala, kuma wanda ya fara biya kafin Yuni 2023 lokacin dala tana wajen naira 460 a hukumance ya ga kuɗin ya ninka fiye da sau uku a farkon 2024. In sabis ya ɗauke a tsakiyar ciniki, layi zai taru. Amfaninsu shi ne bayananka ba sa mutuwa da kwamfuta, kuma kana Kano kana ganin abin da ake yi a shago. In ka tsaya a na kan kwamfuta, laftof ya fi, saboda ɗaukewar wuta a daidai lokacin da manhaja ke rubutu tana daga manyan abubuwan da ke lalata fayil. In babbar kwamfuta ce, a sa mata UPS, wato batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke. Kullum da yamma a kwafe fayil a filash, filash ɗin ya kwana a gida, domin wanda aka bari a shago gobara ko ɓarawo ɗaya ne zai tafi da su tare. A riƙa gwada buɗe kwafin lokaci-lokaci a tabbatar yana buɗuwa.

Littafi bai mutu ba. Mai kaya iri ashirin ko talatin, ba sito daban, masu bashi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, littafi mai kyau da Excel sun ishe shi, kuma ba zan ba shi shawarar sayen manhaja ba. Kai da ke da sito da yara uku da bashi a hannun 'yan kiri da yawa, ka wuce nan. Amma a watan farko na sabon fayil a ci gaba da littafin tare da manhaja, duk yamma a gwada su.

Abu biyu kuma a sa ido a kansu wurin kafawa. Harajin VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairu 2020, amma ba kowane kaya yake hawa ba, kayan abinci na yau da kullum suna da nasu hukunci, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne aka ɗora wa karɓarsa ba. Dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yuni 2025 sun sake fasalin abubuwa da dama, don haka kada mai sakawa ya kunna shi a kan komai ko ya kashe shi da ka, sai akawu ya duba rajistarka da yawan cinikinka na shekara. Na biyu zakka. Rahoton sito yana ba ka ƙimar kaya ne a farashin da ka saya, mai shago kuwa yana ƙiyasta kayansa ne da ƙimarsu ta ranar da shekara ta cika. Ka ɗauki adadin daga manhaja bayan an ƙirga, ka sa farashin ranar da kanka, ka fitar da jerin bashin da ake sa ran biya daban da wanda aka fid da rai, ka kai wa malaminka ya yi maka hukuncin kowanne.